Huda Biyar a Takarda Ɗaya

A shekarata ta uku a Alƙahira na samu ɗalibi wanda ya girmi mahaifina. Ina wani shagon littattafai a Darrasa, inda nake taya jera kaya in an tashi daga darasi, sai wani dattijo Bamisire ya shigo yana neman Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Ya ce ya yi ritaya, yana so ya haddace ko da izu goma ne kafin ya bar duniya, amma ba shi da mai saurarensa. Mai shagon ya nuna ni da haɓa, ya ce ga ɗan Nijeriya nan, tun yana yaro ya sauke. Haka muka fara zama a masallaci bayan la'asar, Litinin da Laraba, yana karantawa ina gyara masa.

Kowa Kyaftin yake ce masa. Na ɗauka tsohon soja ne, ashe a Masar duk mai koyar da wasa haka ake kiransa. Shi harbi yake koyarwa a wani kulob da ke hayin kogi, kuma ko bayan ritayar bai daina zuwa ba. Ranar da ya faɗa mini sai da na yi dariya, na ce ai ni ɗan maharbi ne. Ya sa yatsa a ayar da ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

"To ya sheikh, ka iya?"

"Babana ya ce ba ni da hannu."

"Wannan sai na gani da idona," in ji shi. "Ranar Asabar."

Maganar rashin hannun nan tana da asali. Mahaifina maharbi ne a ƙauyenmu, can kudancin Katsina, cikin masu fita da adaka, bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Idonsa na dama a rufe yake tun kafin a haife ni. Wata rana ce bindigar ta yi tofi ta baya, wutar ta same shi a fuska. Da ido ɗayan da ya rage ya ciyar da mu duka. Ba ya harbin nama daga nesa. Yakan ce aikin maharbi a ƙafa yake, sai ya yi ta sanɗa har ya rage taku goma sha biyar tsakaninsa da gada, sannan ya ɗaga bindiga.

Da na kai shekara goma sha huɗu ya kai ni bayan gari. Ya ɗora gwangwanin madara a kan suri, ya ƙirga taku sittin, ya ja layi da ƙafa ya ce in tsaya nan. Ya nuna mini riƙo, ya nuna mini yadda ake aunawa, sannan ya ce abu ɗaya ne kada in taɓa mantawa: in na gama aunawa zan ja kunama, in kawar da fuskata. Sau uku ya maimaita, har da kama haɓata yana juyawa. Na harba sau uku, kowane karo shi yake sake ɗuri. Gwangwani ko gezau. Ya karɓi bindigarsa ya saɓa, ya ce, "Ba ka da hannu. Karatu za ka yi."

Bayan shekara biyu ya bai wa ɗan ƙanensa tsohuwar bindigarsa. Ni kuwa aka tura ni makaranta a birni, daga nan gurbin karatu ya kawo ni Masar. Mutanen ƙauye suna ta yi wa Baba barka, wai ɗansa ya zama malami, kuma ni ma na gode wa Allah. Amma in zan faɗi gaskiya, shekara goma sha biyu ban yafe wa gwangwanin nan ba.

A shekarun nan Alƙahira ba ta zauna daidai ba, kuma baƙon ɗalibi mai gemu ba ya furta kalmar bindiga a cikin motar haya. Abokin ɗakina a Hayyin Ashir, wani ɗan Maraɗi mai tsoron fitina, da na gaya masa inda za ni sai ya riƙe kai.

"Malam, hadisi aka aiko ka karanta ko me? In suka kama ka, wallahi ni ban san ka ba."

Amma abin a tsare yake. Kyaftin ya rubuta ni a matsayin baƙonsa, na bar fasfo a ƙofa, kuma ba bindigar da ke fita daga ginin. Wurin harbin dogon fili ne mai katanga, gefe ɗaya da rumfa da tebura a jere. A can ƙarshe, mita ashirin da biyar daga tebur, an kafe takardu masu baƙin da'ira a tsakiya. Kafin ya nuna mini komai sai da ya miƙo mini abin toshe kunne da wani tabarau mai kauri. Ya ce ba a taɓa ƙarfe a wurin nan sai da su a fuska, ko da minista ne.

Daga nan ya buɗe ɗan kwali ya zuba mini harsashi a tafin hannu. Siriri ne, bai kai fensir kauri ba. Ashirin da biyu suke kiransa. Ya juya mini gindinsa ya ce manyan harsasai a tsakiya allurar bindiga ke dukansu, shi wannan a gefen gindin take dukansa. Ba shi da ƙara sosai, ba ya hankaɗa hannu, shi ya sa masu huda takarda suka fi son sa. Ni da na girma da adakar da in ta tashi sai kajin unguwa sun watse, na ce masa wannan ko zomo aka harba da shi sai ya waiwayo ya tambayi wa ya jefe shi. Kyaftin ya yi murmushi ya miƙo mini ƙaramar bindiga, irin ta riƙe da hannu ɗaya. Na harba goma. Uku ne suka taɓa takarda, su ma a gefe.

"Ma'alish, ba komai," in ji shi. "Ka zo ranar Alhamis."

Da wasa na ɗauki abin, har ranar da ƙanwata ta kira ni bayan sallar Juma'a. Ita ke riƙe da wayar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, idon Baba na hagu fa ya fara lalacewa. An kai shi asibiti a birni, sun ce sai dai a rage masa gudu. Jiya sai da ya tambaye ni wa ke tsaye a ƙofa, alhali Inna ce."

Na daɗe zaune a bakin katifa. Ba ni da halin zuwa gida sai bayan shekara biyu. Amma akwai wani Alhaji ɗan garinmu da ke sarin kaya a kasuwar Ataba, shi ke kai mana saƙo gida, kuma ya ce mini saura mako shida ya tashi. Nan take abin ya faɗo mini a rai. Ina so Baba ya ga takarda ɗaya da hannuna ya huda a tsakiya, ya gan ta da idonsa kafin idon ya tafi. Na san wani zai ce ɗalibin ilimi bai kamata ya damu da wannan ba. Ni dai na damu.

Da na gaya wa Kyaftin bai yi dogon bayani ba. Ya ce to sai a zaɓa mini bindiga ɗaya in riƙe ta, a daina canje-canje. Ya shimfiɗa koren ƙyalle a tebur ya jera guda huɗu na kulob. Akwai sabuwa mai ƙyalli, akwai doguwa mai nauyi, akwai wata mara nauyi da sababbin shiga ke so. Ta huɗun tsohuwa ce, fentinta ya goge, katakon mariƙinta ya yi baƙi don gumin mutane, har gefe ɗaya ya ɓalle. Ko kallon kirki ban yi mata ba.

Na ce ya bar ni in gwada yadda ake yi a gidanmu. In maƙeri ya kawo wa Baba bindiga, ɗuri ɗaya ne, harbi ɗaya. In ta samu ya ɗauka, in ta kuskure ya mayar masa da abinsa. Haka na yi, kowacce na ba ta harsashi ɗaya. Uku suka bi iska. Mai ƙyallin ta huda baƙi, kusa da tsakiya ma. Na ajiye ta ina jin kaina, na ce khalas, shi ke nan, na samu tawa.

Kyaftin ya ce, "Tamam," ya naɗe ƙyallensa.

Mako biyu na yi ina wahala. Mai ƙyallin ba ta sake yi mini wannan alherin ba. Hudojina sai su watsu a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Na ce bindigar ce, na koma kan doguwar. Ta gajiyar da ni, na ce nauyinta ne, na koma kan mara nauyin. Ita ma na samo mata laifi. Raina ya ɓaci sosai, har na tambayi Kyaftin me ya sa yake kallona kawai ba ya cewa komai.

Ya ce, "Kai in na yi kuskure a aya, katse ni kake yi? Bari kake yi in kai ƙarshe. To yanzu ka kai ƙarshe. Zauna."

Ya ɗauko buhun yashi ƙarami ya ɗora a tebur, ya jawo kujera. Ya fito da harsashi kala uku, duk ashirin da biyu amma kamfani daban-daban. Kowace bindiga ya kwantar da ita a kan yashin don kada hannu ya sa baki, ya harba biyar da kowane kala, a takarda sabuwa. Ba ya sauri. Tsakanin harbi da harbi har kurɓar shayi yake yi. Takarda goma sha biyu muka tara, kowacce ya rubuta a bayanta wace bindiga ce da wane harsashi. Sannan ya shimfiɗa su a ƙasa, ya durƙusa da ɗan ma'auninsa yana auna tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafi nisa da juna.

Mai ƙyallin tawa, ko a kan yashi, hudojinta biyar sai tafin hannu ke rufe su, duk da ɗaya ya faɗa tsakiya cif. Doguwar ta fi ta. Amma tsohuwar nan mai ɓallallen mariƙi, da harsashi kala na biyu, ta tara biyar ɗinta wuri ɗaya har Kyaftin ya ciro kwandalar jine ɗaya, kuɗin Masar, daga aljihu ya rufe su duka. Sai dai a ƙasa suke ta hagu, ko baƙin ba su taɓa ba.

Na ce, "Kyaftin, wannan ai duka biyar ɗin ta kuskure."

"Ta kuskure wuri ɗaya," in ji shi. "Kada ka tambayi bindiga ina ta samu. Tambaye ta ko za ta sake samun wurin."

Ya ciro ɗan sukudireba ya murɗa saitin baya, ina jin ƙas, ƙas, yana ƙirgawa a hankali. Ya sa sabuwar takarda ya sake harba biyar. Duka suka taru a cikin baƙi. Ya ce wadda ke kuskure wuri ɗaya, gyaranta minti biyu ne, amma wadda ke watsawa ba shi da maganinta, ko da kuwa wani lokaci ta yi sa'a. Ya ce kuma kowace bindiga da harsashin da take so, ba a yi mata dole. Daga nan ya sa ni na riƙe ta, ya duba yadda ta zauna a tafina, ya duba ko yatsana ya kai kunama ba tare da na miƙe shi ba. Ya sa na ja a hankali in ji inda take sakewa. Laushinta ya ba ni mamaki, ba ta turjewa, ba ta kuma zamewa. Ya ce ita ce tawa, kuma daga yau harsashi kala na biyu kawai za ta ci.

Na koma Hayyin Ashir ranar ina murna, na ce wahala ta ƙare. Da na dawo ranar Asabar na tsaya da ƙafata na harba goma, sai ga hudoji a watse kamar jiya. Yanzu kuma babu wanda zan ɗora wa laifi, don na ga abin da bindigar ke yi a kan yashi. Saura mako uku da 'yan kwanaki Alhaji ya tashi. Na ajiye ta a tebur, na ce wa Kyaftin, "Baba ya yi gaskiya."

Kyaftin ya ɗauki bindigar. Ya juya mini baya ya ɗura gidan harsashin da kansa, ya miƙo mini. Na harba na farko, na biyu. A na uku na ja kunama sai na ji ƙas kawai, babu ƙara. Ashe harsashin roba, wanda ba ya tashi, ya saka a tsakiya. Kuma a cikin shirun nan na tsinci kaina ina kallon bangon dama, inda aka rataye kalanda, idona ɗaya a runtse, bakin bindigar ya sunkuya ƙasa. Ban san na juya ba. Wallahi da wani ne ya gaya mini ina yi, da na yi musu.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Kyaftin. "Tsoro ba ya yin kyau haka. Wannan koyarwa ce."

Sai na ba shi labarin duka: idon Baba, adaka, surin, gwangwanin, yadda ya kama haɓata. Na zata zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce mutumin da ya koya mini haka ya san bindigarsa, kuma ya san abin da take ci. Sannan ya cire gidan harsashi, ya tabbatar ba komai a ciki, ya buɗe ta ya ɗaga bututun wajen haske ya ce in leƙa. Na ga wasu siraran layuka sun murɗe a ciki tun daga farko har ƙarshe. Ya ce su ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Ya tambaye ni ko ta Baba tana da su. Na ce ina, tasa bututu ne kawai, sumul.

"Taku nawa ka ce ya ƙirga?"

"Sittin."

"Shi kuma daga taku nawa yake harbin nama?"

"Goma sha biyar."

Kyaftin ya mayar da bindigar cikin akwatinta, ya rufe, ya ce, "Da irin wannan bututu, a taku sittin, ni ma sai in wuni ban taɓa gwangwani ba." Sai ya shiga tattara takardu.

A mota ranar har na wuce inda zan sauka. Da farko haushi ne ya cika ni. Shekara goma sha biyu ina ɗauke da magana, ashe tun a ƙirgen taku aka gama da ni. Mutumin da bai taɓa harbin gada daga nesa ba, shi ya ja mini layi a inda ya san ba mai samu. Amma kafin in taka zuwa gida haushin ya sauka, sai wani abu mai nauyi ya maye wurinsa. Na tuna yadda yakan shafa rufaffen idon nan da bayan hannu in ya gaji. Na tsaya a gindin benenmu na daɗe kafin in hau.

Duk da haka ban fasa ba. Takardar ma sai na ƙara son ta, ko da yake ban iya cewa don me ba. Kyaftin ya ce abin da aka koya wa wuya tun yana ɗanye ba ya fita da faɗa, sai da maimaici, kamar hadda. Ya ce irin wannan bindiga ba a jan kunamarta ba komai a ciki, allurar za ta daki ƙarfe ta lalace, don haka ya riƙa cakuɗa mini harsashin roba da na gaske ban san wanne ke tafe ba. Bayan kowane harbi kuma sai in faɗa masa inda tsinin saitin yake a lokacin da ta tashi, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Wanda ya kawar da fuska ba shi da amsa. Kwanakin farko ba ni da ita.

A gida kuma ya ba ni aiki. Na ɗiga baƙin tawada a bango, in na dawo daga darasi sai in ɗauki dutsen guga in miƙe hannu da shi ina kallon ɗigon, ina lanƙwasa yatsa a hankali. Abokin ɗakina yana kwance da littafinsa yana kallona.

"Malam, in ka gama kashe bangon ka taimaka ka goge mini jallabiya."

Na ce ya yi ta kansa. Amma ranar da ya tafa hannu da ƙarfi a bayana don tsokana, ya ga ban ƙifta ba, shi da kansa ya ce, "Tamam, ka fara zama mutum."

Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyar Alhaji, da hantsi muka je. Ba kowa a wurin sai mu biyu da mai shara. Na lalata takarda huɗu. A ta biyar Kyaftin ya ce in ajiye bindigar, in sha ruwa, in karanta masa Fatiha yadda nake so shi ya riƙa karantawa, ba gaggawa. Na karanta. Ya ce, "Yalla, bismillah, haka za ka ja kunamar." Na ɗaga hannu. Abin da na fi tunawa shi ne a karon farko na ga komai: tsinin saitin a tsaye, baƙin yana rawa kaɗan a bayansa, ɗan hayaƙi, kwankon harsashi yana tsalle ta dama. Sau biyar fuskata tana wurin.

Da aka kawo takardar, huɗu sun haɗe a cikin baƙi, suna taɓa juna, kaɗan sama da tsakiya. Na biyar ya fita gefe da kamar faɗin yatsa biyu, kuma na san shi, don na ji lokacin da na yi gaggawa. Na so in sake ko zan samu wadda ta fi ta. Kyaftin ya ce a'a, wannan ita ce gaskiyata a yau, ita zan aika. Ya rubuta mita ashirin da biyar a ƙasa da larabci, ya sa hannu.

Na samu Alhaji a Ataba a wani lungu, zaune kan dilar abaya yana faɗa da masu ɗauri. Ya zaro takardar daga ambulan ya ɗaga ta sama yana leƙe ta hudojin.

"Malam, wasu na aika wa iyayensu zuma da man habbatus sauda, kai takarda mai huji za ka aika?"

"Akwai zumar ma, Alhaji. Amma wannan a hannunsa za ka sa."

Ya girgiza kai ya cusa ta tsakanin shafukan wani littafin fiƙihu da wani ya ba shi saƙo. Ya ce jinin maharba dai ba ya jin magani.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ƙanwata ta kira, ina fitowa daga darasi. Na raɓe a bakin wani shago don hayaniyar titi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce saƙo ya iso, amma in sani idon ya riga ya yi nisa, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ta ce ta gaya masa mene ne, ya sa ta fitar da shi tsakar gida, ya ɗaga takardar wajen rana, sannan ya sauke ya bi ta da yatsa. Na makara ke nan. Kafin in ce wani abu ta ce ga shi.

"Malam," in ji Baba. Haka yake kirana tun da na sauke. "An ce kai ka yi wannan."

"Ni ne, Baba."

"Huda biyu na ji. Babba da ƙarami."

"Biyar ne, Baba. Huɗu ne suka haɗe."

Ina jin motsin takardar a kusa da wayar. Can ya ce, "Ƙwarai. Ga bakinsu nan, huɗu." Ya tambayi nisan, na ce zai kai taku talatin da wani abu, kuma da hannu ɗaya. Ya ce, "Hm." A wurin Baba wannan doguwar magana ce.

Na yi ta maza na ce, "Baba, ranar gwangwanin nan, taku sittin ka ƙirga."

"Sittin ne?" in ji shi. "Na manta." Sai na ji wata 'yar dariya a maƙogwaronsa, irin wadda yake yi in Inna ta kama shi ya ɓoye goro. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba.

Sai muryarsa ta canja. "To da kake wannan harbin, kana kawar da fuska?"

Mako uku na yi ina kankare abin da ya dasa mini, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "A'a, Baba. Ita wannan sai ana kallo. Amma akwai tabarau da ake sakawa, ba a barin kowa ya harba sai da shi."

"Mai kauri?"

"Mai kauri sosai."

"Duka idon biyu yake rufewa?"

"Duka biyu, Baba."

"To kada ka cire shi," ya ce. "Ko sun ce ka ƙware, kada ka cire. Da su kake karatu."

Na ce to. Hawaye sun riga sun zubo mini, ga mutane na wucewa suna kallona. Mai shagon da na raɓe a ƙofarsa ya miƙo mini kujera bai tambaye ni komai ba.

Na ci gaba da zuwa kulob ɗin jefi-jefi har na gama karatu, kullum da tsohuwar nan mai ɓallallen mariƙi. Kyaftin ya kai izu bakwai kafin in baro Masar. Na yi takardun da suka fi waccan kyau, amma ban ajiye ko ɗaya ba.

Da na dawo gida, bayan an gama gaishe-gaishe an watse, Baba ya laluba ƙarƙashin filonsa ya ciro tsohuwar jakar fatar da yake zuba albarushi a da. Takardar na ciki, ta yi laushi, ta yi baƙi a lanƙwasa. Hudojin nan huɗu sun zama rami ɗaya babba, har babban yatsana yana shiga. Ƙanwata ta ce duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya kama yatsansa ya sa a wurin, ya ce a taɓa a ji, na Masar ne ya yi, kuma huɗu ne ba ɗaya ba.

Ya ce in matso. Na durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a fuskata, ya bi goshina, ya sauko ya shafa idon dama, ya shafa na hagu, a hankali, yadda ya bi takardar. Sannan ya sauke hannunsa ya ce wa ƙanwata ta kawo mini ruwa.